"Ki zauna, Inna": hutun da ke kwantar da tsofaffinmu

A wani gida cikin Birnin Kebbi na ji wannan magana, kuma na san ana yin irinta a Argungu da Jega da Zuru: "Inna, don Allah ki zauna, me kike so a ɗauko miki?" Tsohuwar ta yunƙura ne za ta ɗauki butarta da ke taku biyar daga inda take. Kafin ta gama miƙewa jika ta rugo da butar, matar ɗanta kuma ta dafa kafaɗarta ta mayar da ita kan tabarma. Kowa ya ji daɗi, an yi wa Inna hidima. Dalili shi ne wata biyu da suka wuce santsi ya kwashe ta a makewayi ta gurje gwiwa, sai babban ɗanta ya kafa doka: kada a sake barin ta ta taka ko'ina.

Ba na shakkar ƙaunar da ke bayan wannan doka. Amma ita ce za ta kwantar da Inna. Tsohon da ya faɗi sau ɗaya, ko ya fara dafa bango idan yana tafiya, abin da yake buƙata shi ne a kai shi wurin likitan gashi, wato likitan gashin ƙashi da motsa jiki, ko a kawo likitan gida, a auna ƙarfin ƙafarsa, a koya masa motsa jiki, a gyara wuraren da ke kayar da shi. Kuma a yi hakan tun ƙashi bai karye ba. Mu kuwa sai ɓarin jiki ya shanye, ko an sauko daga gadon tiyata, muke tuna akwai wani ɓangare a asibiti da ake ce wa gashi.

Jikin tsoho ba ya ajiye ƙarfi don gobe, abin da ba a yi aiki da shi ba tafiya yake yi. A wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, suka yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Lafiyayyu ke nan. To ina ga Inna da za ta yi wata shida ba ta wuce bakin ɗakinta? Cinya ta saki, gwiwa ta sandare, tsoro ya shiga zuciya. Ranar da fitsari ya matse ta cikin dare ba kowa kusa, dole ta tashi, kuma da ƙafar da ta fi ta wata shida baya rauni za ta tashi. Faɗuwa ta biyu ita ce mai karya ƙugu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 duk shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. A gidajenmu ba a lissafa wannan a matsayin cuta. "Tsautsayi ne," sai a shafa man zafi a wuce wurin.

"Ai tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani"

Gaskiya ne ba a mayar da shekaru baya. Amma tsufa daban, raunin cinya daban, kuma na biyun yana jin horo ko a shekara 85. Akwai tsarin motsa jiki da Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan ta tsara wa tsofaffi su riƙa yi a gidajensu, likitan gashi na leƙo su lokaci zuwa lokaci. Da aka gwada shi, faɗuwa ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100, kuma waɗanda suka wuce 80 su suka fi cin moriyarsa. Babu wata na'ura a cikinsa. Kujera ce, da abin dafawa, da ɗan nauyi da ake ɗaurawa a idon sawu.

Likitan gashi ba da ka yake aiki ba, awo yake yi, kuma awon mai sauƙi ne har iyali na iya gani da idonsu. Zai zaunar da tsoho a kujera mai tsayin kamar santimita 43, ya ja layi a ƙasa mita 3 daga gabanta, ya ce ya tashi ya taka zuwa layin ya juyo ya zauna. Wanda ya ci sakan 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Zai sa shi ya rungume hannu a ƙirji ya riƙa tashi yana zama har sakan 30, yana ƙirgawa. Macen da ta ɗan haura 70 idan ta kasa kai sau 10, cinyarta na neman aiki. Zai sa shi ya ɗora ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsa, ya ga ko zai kai sakan 10.

Akwai kuma awon da aka fi mantawa da shi: gwada hawan jini a kwance, sannan a sake gwadawa bayan an miƙe tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da tashi, to an gano jirin nan da Baba ke cewa yana ɗibarsa idan ya miƙe. Sau da yawa maganin hawan jini ne ya yi masa yawa, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a bazararmu da zafi ke haura digiri 40, ko cikin azumi. Wannan likitan gashi ba zai canza magani ba, zai mayar da shi wurin likitan da ya rubuta. Haka idan ya ga yanar ido, ko tafin ƙafar mai ciwon suga da ya daina ji.

"Gashi ai tausa ne da fitila mai zafi, muna iya yi a gida"

Sunan da muka ba aikin shi ya jawo wannan fahimta. Da an ce gashi, sai mutum ya hango tawul da ruwan zafi irin na mai jego. Likitocin gashi kuwa shekara biyar ko fiye suke yi a jami'a, kamar a Jami'ar Bayero ta Kano, su ƙara shekara guda ta horon aiki a asibiti, kuma sai hukumar da ke kula da aikinsu, wato MRTB, da aka kafa a 1988 ta yi musu rajista kafin su taɓa majiyyaci. Zafi da tausa ƙaramin ɓangare ne na aikinsu. Suna sanyaya ciwo na ɗan lokaci, amma ba sa ƙara wa ƙafa ƙarfi ko kaɗan. Ƙarfi sai tsoka ta yi aiki da kanta.

Gashin gida ma yana da nasa haɗarin. Mai ciwon suga ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata. A ɗora masa tsumma daga tafasasshen ruwa, a tambaye shi, ya ce bai ji komai ba, washegari fata ta tashi ta yi bororo, gyambon da zai yi watanni bai warke ba.

Abin da likitan zai koyar ya fi kama da haka. Tashi da zama daga kujera sau 10, a huta, a sake. A fara da dafa hannun kujera, in ƙarfi ya zo a saki hannu ɗaya, daga baya duka biyu. Ɗaga dunduniya a tsaya kan yatsu sau 10 ana dafe da taga ko bayan kujera mai nauyi. Tafiya a kaikaice taku 10 dama, 10 hagu, a jikin bango. Miƙe gwiwa daga zaune da nauyin rabin kilo a idon sawu, wanda yashi a cikin tsohuwar safa ya wadatar, a ƙara zuwa kilo ɗaya idan ya yi sauƙi. Kwana uku a mako, da 'yar tafiya a sauran kwanakin da safe ko bayan la'asar. Gajiyar tsoka washegari ba laifi ba ce. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, ko zafi mai suka a gaɓa, nan a tsaya a nemi likita.

Inda iyalai ke karaya shi ne mako na biyu ko na uku, su ce ba su ga canji ba. Sai an yi kamar wata uku ana yi kafin bambancin ya fito sarari, kuma ranar da aka daina ƙarfin zai fara komawa. Shi ya sa ya fi kyau a jingina shi da abin da ba a fashinsa, kamar bayan sallar walaha ko kafin a kawo koko, kuma a ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin tsayawa a kai.

Gidan kansa

Nan ne na fi ganin amfanin likita ya shigo gida da ƙafarsa, don a ɗakin asibiti ba zai taɓa ganin abin da ke kayar da Inna ba.

A fara da makewayi. Tsuguno a kan masai yana buƙatar gwiwa da cinya masu ƙarfi, kuma tasowa ta fi sauka wuya. Ga ƙasa a jiƙe da ruwan sabulu, ga buta a hannu ɗaya, da damina kuma gansakuka ta lulluɓe siminti. Gyaransa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba: kafinta ya yi kujerar katako mai ƙwari mai rami a tsaka, tsayin santimita 43 zuwa 46, da hannuwa biyu, a ɗora ta kan ramin. Mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe a kafa a gefe don dafawa. Idan ginin laka ne, kada a ce za a buga shi a bango, ƙusa ba ta kama ƙasa, ranar da aka jingina nauyi a kansa zai tumɓuke ya tafi da mai shi. A haƙa rami a dasa shi a ƙasa da siminti. A riƙa kankare gansakuka duk mako, a buɗe rariya ruwa ya daina kwanciya. Wanka kuma a zaune, a kan benci, ba a kan 'yar tsugunno ba.

Sai alwala. Dubi dattijo wajen wanke ƙafa: ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya sunkuya, buta a hannu, ƙasa a jiƙe, sau biyar a rana, ɗaya a duhun asuba. Da za a ce a tsara hanyar kayar da mutum, ba za a wuce wannan ba. Dakali ko benci mai tsayin gwiwa, da ɗan dutse ko bulo da zai ɗora ƙafa, sun kawar da matsalar. Ita ma salla, idan tasowa daga sujada ta zama kokawa, addini ya riga ya yi sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Sai dai kujerar ta zama mai ƙwari. Farar kujerar roba da rana ta gasa ƙafafunta kan baje a kan tayil ba zato.

Tayil ɗin ma abin magana ne. Ɗa ya samu buɗi, ya ce bari ya gyara wa iyayensa ɗaki, ya shimfiɗa mai sheƙi har makewayi. Niyya mai kyau, amma da ɗigon ruwa ya zama tarko. In za a sa, a sa mai kaushi. In an riga an sa, a manna shimfiɗar roba mai kama ƙasa a hanyar da suke bi, kada a jefa darduma ko tabarmar da bakinta ya nannaɗe.

Wurin kwana: katifa a ƙasa tana da wuyar tashi, gadon ƙarfe mai rumfa na da kuma ya yi tsawo har ƙafa na lilo. Daidai shi ne idan ya zauna a baki tafin ƙafa ya taka ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Idan ya farka, ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya yana motsa ƙafa kafin ya miƙe. Tocila a ƙarƙashin matashi, ko ƙaramar fitilar sola a bar ta kunne a hanyar makewayi, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Dattijon da ke tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare a ajiye masa abin fitsari mai murfi kusa da gado, kuma a kai shi a duba mafitsararsa. Kada kunya ta hana wannan.

Sauran ƙanana ne amma su ke yin aika-aika: dokin ƙofa mai tsawo da ba a gani da dare, a shafa masa farin fenti; turken akuya da igiyarsa a tsakar gida; igiyar shanya da ta yi ƙasa; silifas ɗin da ya cinye ba ya kama dunduniya, a musanya da takalmi mai maɗauri ta baya; zani ko babbar riga da ke jan ƙasa.

Sanda kuma yawanci ba daidai ake riƙe ta ba. Tsayinta, idan mutum ya miƙe ya saki hannu, kanta ya zo daidai wuyan hannu, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe idan ya riƙe. A hannun da ke kishiyar ƙafa mai ciwo ake riƙe ta, ta tafi tare da ƙafar mai ciwo. Gindinta a sa masa roba, in ta cinye a canza. Wajen hawa tudu ko matakala lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka mai ciwon ke fara sauka tare da sandar. Dattawa da yawa na ƙin sandar asibiti don kada a ce sun tsufa, alhali suna riƙe ta gargajiya da alfahari. To a yanke ta gargajiyar daidai tsayi a sa mata roba, ta yi aikin.

"In ta motsa ta faɗi fa, wa zai ɗauki alhaki?"

Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a ce a sake ta kawai ba. Likitan zai nuna wa mai kula da ita inda zai tsaya: a gefen da ya fi rauni, ɗan baya kaɗan, hannu a ƙugunta ko riƙe da gyale mai ƙwari da aka ɗaura mata a tsantsa. Ba a jan tsoho ta hannu don a tashe shi. Ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye wannan babban kuskure ne, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, da an ja sai gaɓar ta zame, ciwon da zai hana shi barci ya hana shi motsa hannun.

Zai kuma koya mata yadda za ta tashi in ta faɗi ba kowa: ta mirgina gefe, ta yi rarrafe zuwa kujera ko gado, ta dafa da hannu biyu, ta kafa ƙafa mai ƙarfi gaba, ta ɗago ta juya ta zauna. Tsohuwar da ta gwada wannan sau biyar a gaban likita ba ta jin tsoron tsakar gida kamar da.

Idan kuwa an faɗi aka kasa taka ƙafa, ga ciwo a matsematsi, ƙafar ta gajarta ta juya waje, to a ɗauka ƙugu ya karye. Kada a miƙar da shi, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi a sa a mota zuwa asibitin da ke da hoton ƙashi. Masu ɗorinmu sun iya abin da suka iya, amma wannan karaya tana can ciki ƙarƙashin tsoka mai kauri, kara da tsumma ba sa kama ta. Tiyata take so, cikin kwana biyu in da hali, sannan a tashe shi ya fara takawa da wuri. Watannin da zai yi kwance yana jiran ɗori ya kama su ke kawo gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karya ƙugu ba sa cika shekara.

"Ina likitan, ina kuɗin?"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ba ta da nauyi ba. Likitocin gashi sun taru ne a manyan asibitocin birni, irin asibitin tarayya da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, da asibitin tarayya na Gusau, da na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tsohon da ke ƙauyen Yawuri ko Danko-Wasagu, tafiyar sa'o'i ce a kan hanyar da wani lokaci tsaro ma bai bari a bi ta. Ba mai iya kai shi sau biyu a mako.

Amma aikin da nake magana a kai ba ya buƙatar haka. Tsarin Otago kansa ziyara kaɗan ce a watannin farko, sauran aikin a gida ake yi. Zuwa ɗaya a yi awo, a koya wa tsoho da mai kula da shi, a ɗauki motsin a waya don kada a manta. A tafi da hotunan makewayi da bakin ƙofa da wurin kwana likita ya gani. A koma bayan wata guda a ƙara nauyin aikin. Duk kuɗin wannan, har da kujerar kafinta da bututun mai walda, bai kama ƙafar kuɗin tiyatar ƙugu ba, balle a lissafa 'yar da za ta bar sana'arta ko makarantarta ta zauna jinya.

Ragowar kuma nauyin hukuma ne. Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, Zamfara 14. Ya kamata kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu likitan gashi ko da guda ne, da babur da man da zai riƙa fita ƙauyuka rana ɗaya a mako. Shi zai horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya awon mita 3 da na kujera, su riƙa tambayar duk wanda ya haura 60 ya zo gwajin hawan jini: "Baba, ka faɗi a bana?" Tambaya ce ta sakan biyar da ba a yi. Ya kamata kuma hukumar KECHEMA mai kula da asusun taimakekeniyar lafiya a Kebbi ta sa ziyarar gida cikin abin da take biya wa tsofaffi. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka sa wa dokarta hannu a 2018. Irin wannan aiki ne zai sa a san da zamanta a Bunza da Kaura Namoda.

A ɗauki mata a aikin da gangan. Tsohuwa da yawa ba za ta yarda namiji ya kama mata ƙugu ko ya leƙa makewayinta ba, kuma tana da gaskiyarta. Inda babu mace, likitan ya tsaya gefe ya nuna a jikin ɗanta ko jikanta, 'yarta ko matar ɗanta ta yi mata yana kallo yana gyarawa.

Su kuma 'yan gida, a sake lissafin abin da ake kira hidima. A bar Inna ta ɗauko butarta, jika na tafe a gefenta. A bar ta ta tsince shinkafa, ta ba kaji tsaba, ta taka zuwa gidan maƙwabta barka ko gaisuwa. A bar Baba ya je masallacin unguwa da sandarsa da tocilarsa, yaro na biye da shi da asuba, a zuba ƙasa a cike ramin da ruwan damina ya ci a ƙofar zaure. In ya ce gwiwa na ciwo, a rage nisan tafiyar a kai shi a duba, gobe kuma a sake fita.